Jakar da ba ta fita ba: littafin aikina da XOR

Talata, 17 ga Yuni 2025

Yau kwana goma sha ɗaya da Sallah, kuma mustaudan Kawu, wato rumbun ajiyar kayansa da ke bayan Shara Mansur a Makka, ya cika har bakin ƙofa. Alhazai sun gama nasu aikin, saura namu: jakunkuna, katon-katon na dabino, dardumomi a naɗe, buhunan jallabiya da aka ɗaure da igiya kamar za su gudu. Kowace jaka muna manna mata takarda mai lamba. In ta shigo a haska ta da sikana, in za ta hau motar Jidda a sake haska ta. Sikanar kuwa ba ta da wayo, zuba lambobin kawai take yi cikin fayil ɗaya, ba ta cewa wannan shiga ce wannan fita.

Jiya da dare direba ya ƙirga kayan da aka loda masa, ya ce ba su cika ba. Kawu ya miƙo min laftof ya ce in nemo abin da ya rage. Layi sama da dubu. Na kai tsakiya ina bi da yatsa, idona ya fara ganin 6 a matsayin 8, na ajiye na kira Yaya a Riyad.

"Ƙanina, wata uku kana koyon yaren kwamfuta na Python, sannan ka bi wannan da yatsa? Haɗa su duka da XOR. Abin da ya rage a hannunka shi ne jakarka."

Na san alamar, wato ^, amma sani na baƙin ciki. Makon da na fara koyo na rubuta 2 ^ 10 ina jiran 1024, kwamfuta ta ba ni 8, na ɗauka ta lalace. Ashe a Python tauraro biyu ne ke ninka lamba da kanta, ^ kuwa aikinta daban.

Ga yadda na fahimce ta daren nan. Kwamfuta tana riƙe kowace lamba da sifili da ɗaya, kowane gurbi ana ce masa bit. 5 ita ce 101, 3 ita ce 011. Ka jera su, ɗaya a kan ɗaya, ka duba gurbi-gurbi: inda suka bambanta ka rubuta 1, inda suka yi daidai ka rubuta 0. Za ka sami 110, wato 6. Babu ɗauko ɗaya a kai gaba kamar yadda ake yi a tarawa, kowane gurbi da kansa yake. In ka sake haɗa 6 da 3, sai 5 ta dawo. Lamba in ta haɗu da kanta sifili take zama, in ta haɗu da sifili ba abin da ya same ta, kuma ba ruwan XOR da wace ta riga wace.

Na gwada a bayan wata rasit da 12, 7, 9, 12, 9. Na farko 12, sai 11, sai 2, sai 14, sai 7. Na tsakiyar nan ba su da ma'ana ga kowa, amma a ƙarshe tagwaye sun cinye juna, 7 ta tsaya ita kaɗai. Layi uku ne kod ɗin:

saura = 0
for lamba in jeri:
    saura ^= lamba

Gobe zan sa masa fayil na gaskiya.

Alhamis, 19 ga Yuni

Amsar da ya ba ni ita ce 230. Duk takardunmu na bana daga 2000 suka fara. Babu jaka mai lamba 230, ba a taɓa yi ba.

Kawu ya leƙo, ya ga lambar, bai ce komai ba, ya koma wajen shayinsa. Da ya yi magana da ya fi min sauƙi.

Na kwana ina zargin fayil ɗin, na share layukan da babu komai, na duba ko akwai harafi da ya shiga cikin lamba. Ba shi ba ne. Da asuba abin ya faɗo min: wa ya ce jaka ɗaya ce? Direba cewa ya yi ba su cika ba, ni ne na ƙara "ɗaya" daga kaina. In biyu suka rage, abin da ke hannuna haɗinsu ne, kuma in dukansu suna da 1 a gurbi mai darajar 2048, wannan ya cinye kansa, shi ya sa amsar ta ƙanƙance.

Na aika wa Yaya saƙon murya ina tambaya ko an shiga uku ke nan. Ya ce a'a, in duba 230 da kyau. A rubutun kwamfuta 11100110 ce. Kowane 1 da ke ciki shaida ne cewa a wannan gurbin jakunkunan biyu sun saɓa, ɗaya tana da 1, ɗayar tana da 0. To ka zaɓi gurbi guda daga ciki, ka raba dukkan lambobin fayil ɗin gida biyu, masu 1 a gurbin da masu 0. Tagwaye dole su faɗa gida ɗaya tunda lambarsu ɗaya ce, za su cinye juna a can. Marayun biyu kuwa dole su rabu. Kowane gida ya koma matsalar shekaranjiya.

Ciro gurbin ma da dabararsa: x & -x yana ba da 1 na can ƙarshen dama, domin alamar tsakiyar tana barin 1 ne kawai a gurbin da lambobin biyu duk suke da 1. Na daɗe kafin in yarda da wannan. Dalilin shi ne yadda kwamfuta ke rubuta lamba mai ragi, tana juya kowane bit ta ƙara ɗaya. Juya 11100110 ka sami 00011001, ƙara ɗaya ya zama 00011010. Gurbin da wannan da ta asali duk suke da 1 guda ne tak, mai darajar 2.

Na raba, na haɗa. 2146 da 2180. Na shiga ciki da tocilar waya, na same su a bayan robobin Zamzam, an jingina musu wata katifa. Ɗaya ta wani dattijo ce daga wajen Daura, wanda tun safe yake zaune a benci yana jan carbi bai ce wa kowa uffan ba. Na ce, "Baba Alhaji, ga kayanka." Ya shafa jakar kamar mai shafa kan jika, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Kawu ya ce ai shi dama ya san suna wajen.

Asabar, 21 ga Yuni

Allura ta tono garma. Na zauna in gyara kod ɗin don a riƙa amfani da shi kullum, sai na fara tambayar kaina abin da zai iya lalata shi, kuma amsoshin ba su yi min daɗi ba.

Yaran da ke riƙe sikana, in ba su ji ƙarar "ƙit" ba saboda hayaniyar mota, sake dannawa suke yi. Jakar da aka haska sau biyu a shiga, sau ɗaya a fita, ta bayyana sau uku, XOR zai ce ta ɓata alhali tana Jidda. Wannan da sauƙi, wahalar nema ce kawai. Mai ban tsoron ita ce jakar da aka haska sau biyu a shiga kuma ba ta fita ba sam. Sau biyu ta bayyana, ta cinye kanta, kod ɗina zai ce lafiya lau, mai ita yana can filin jirgi. Haka in uku suka rage, ana iya dacewa haɗinsu ya zama sifili, kamar 5 da 3 da 6 na ranar Talata.

XOR ba ƙidaya yake yi ba. Cika ko mara kawai ya sani, irin wasan da muke yi da ƙwallon dabino a dunƙule a hannu. Sau biyu da sau huɗu da ba ko sau ɗaya duk ɗaya ne a wurinsa.

Saboda haka na cire shi daga aikin mustauda. Na rubuta wani da ƙamus na Python, kowace lamba da adadin fitowarta, duk wadda ba biyu ba a nuna min ita. Na kuma roƙi Kawu a riƙa buɗe fayil daban na fita. Abin da XOR ya fi ƙamus da shi, shi ne bai buƙatar wurin ajiya sai na lamba guda, amma lambobi dubu ba su kai nauyin hoto ɗaya a waya ba, rowar wuri a nan ba ta da amfani. Na ji kunyar faɗa wa Yaya, na zaci zai ce na raina dabararsa. Dariya ya yi. Ya ce a inda aka tabbata abu ɗaya ne zai ɓata kuma an san wanne ne, nan XOR ke cin kasuwarsa, ya ba ni misali da tsarin RAID 5 na manyan kwamfutoci, wanda masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka bayyana a 1988: a ajiye haɗin XOR na bayanan faya-fayai, in faifai ɗaya ya mutu a haɗa na sauran a tayar da abin da ke cikinsa. In biyu suka mutu tare, sai haƙuri.

Sannan ya ce, "Tunda ka shiga ruwan, bari in ba ka ta gaske. Irin wadda ake tambaya in ka je neman aiki."

Lahadi, 22 ga Yuni

Ga matsalar kamar yadda ya turo. An ba ka jerin lambobi da za su iya kai 100,000, kowace ba ta wuce biliyan ɗaya ba, wato bit 30 ya ishe ta. Ka zaɓi yanki guda na jerin, lambobin da ke manne da juna ba tsallake, ka haɗa su da XOR. Wane yanki ne ke ba da amsa mafi girma? Ya ce zai gwada da nasa jerin, kuma kada ya jira fiye da 'yan daƙiƙoƙi.

Misalin da na yi wa kaina: 3, 10, 4, 9, 6. Da hannu na gano 9 da 6 na ƙarshe suna ba da 15, kuma ba abin da zai fi haka a bit huɗu.

Hanyar gangan ita ce a gwada kowane mafari da kowane ƙarshe. Na rubuta ta cikin minti biyar, tana ba da amsa daidai. Da lambobi 5,000 laftof ɗina ya yi kamar daƙiƙa uku. Amma 100,000 ninki 20 ne na wannan, aikin kuwa ninki 400, domin yankunan sun kai 5,000,050,000. Minti ashirin ke nan in mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, bai mutu ba. Ban share ta ba, na ajiye ta gefe a matsayin alƙali, duk wata dabara da zan kawo sai ta yarda da amsarta a ƙananan jeri.

Laraba, 25 ga Yuni

Kwana biyu na ɓata a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Akwai sananniyar dabarar Kadane ta neman yanki mafi girman jimla: kana tafiya kana tarawa, duk inda abin da ka tara ya zama kaya a kanka, ka yar da shi ka fara sabo. Na ce ai sai in cire alamar tarawa in sa ^.

Alƙali ya kama ni da jeri mai lamba uku kacal: 4, 6, 5. Dabarata ta ɗauki 4, ta ga haɗa ta da 6 zai ba da 2, ta ce 6 ita kaɗai ta fi, ta yar da 4. Ta zo kan 5, haɗi da 6 ya ba da 3, ta sake yarwa. Amsarta 6. Amma 4 da 6 da 5 gaba ɗaya suna ba da 7. Wannan 2 ɗin da ta raina ita ce cikon da 5 ke nema, 010 a kan 101.

A tarawa, babba a hannu kullum ya fi ƙarami. A XOR girma ba ya nufin komai sai an ga da wa za a haɗa ka. Na rubuta wannan a takarda na manna a jikin laftof.

Juma'a, 27 ga Yuni

Ba aiki yau. Bayan an sauko daga masallaci mun ci abinci a gidan Hajiya, kuma na yi abin da bai kamata ba, na cuci ƙanwata da lissafi.

Na jera ƙwallayen dabino tsibi uku a kan faranti, 3 da 4 da 5. Doka: kowa a layinsa ya ɗebi yadda ya so daga tsibi guda, wanda ya ɗauki na ƙarshe ya ci. Wasan Nim ke nan, kuma tun 1901 wani malamin lissafi na Jami'ar Habad, Charles Bouton, ya warware shi. Ka haɗa tsibin da XOR, ka bar wa abokin wasanka sifili a kowane zagaye. 3 da 4 da 5 suna ba da 2, sai na ɗebe biyu daga tsibi mai uku, ya rage 1, 4, 5, wanda haɗinsu sifili ne. Daga nan duk abin da ta taɓa sai ya ɓata sifilin, ni kuma in gyara.

Sau huɗu ina cinye ta. A na biyar ta ce ita za ta fara, ta ɗebe biyu daga mai uku tana kallon cikin idona. Hajiya ta ce, "Kai da ka girma, ka ji kunya." Na sha da ƙyar ne kawai don ta yi kuskure a zagaye na uku.

Litinin, 30 ga Yuni

Yau ƙofa ta buɗe, kuma littafin bashin baƙalar unguwarmu ne ya buɗe ta. Mai baƙalar ba ya rubuta kuɗin kowane kaya shi kaɗai, jimlar da aka kai yake rubutawa a gefe. In kana son sanin abin da ka ci daga Talata zuwa Alhamis, sai ya cire jimlar Litinin daga ta Alhamis. Ina tsaye ina jiran tamis ina kallonsa yana yi wa wani haka, na ce to ai XOR ma yana da cirewa, kuma cirewarsa ita ce shi kansa.

Na sa masa suna tarin baya. Ka fara da 0, kowace lamba ka haɗa ta da abin da ya gabata ka rubuta. Jerina na 3, 10, 4, 9, 6 ya ba da 0, 3, 9, 13, 4, 2. Yanzu XOR na kowane yanki shi ne haɗin tari biyu kawai, na ƙarshen yankin da na dab da mafarinsa, domin duk abin da ya riga mafarin ya fito sau biyu, ya cinye kansa. Yankin 9 da 6 shi ne 2 haɗe da 13, wato 15. Mantuwar nan da ta sa na kore shi daga mustauda ita ce ke min aiki a nan.

To matsalar ta sauya kama. Ba yanki nake nema ba kuma, lambobi biyu nake nema cikin tarin baya 100,001 waɗanda haɗinsu ya fi girma. Na yi murna na rabin awa, sannan na lura gwada kowace da kowace har yanzu biliyan biyar ne. An gudu ba a tsira ba. Amma aƙalla yanzu tambayar gajera ce: ga lamba a hannuna, cikin waɗanda suka gabace ta wace ce ta fi saɓa mata?

Juma'a, 4 ga Yuli

Yaya bai ba ni amsa ba, tambaya ya yi min: "Da bit ɗin 8 guda, da na 4 da 2 da 1 gaba ɗaya, wanne za ka ɗauka?" 8 ta fi 7. Haka yake a kowane mataki, bit na sama shi kaɗai ya fi duk na ƙasa da shi a haɗe, da ɗaya. Ke nan in zan iya samun 1 a gurbin sama, in karɓa ido rufe, kome zan rasa a ƙasa. Haɗamar da ta kashe ni ranar Laraba tana aiki a nan, domin a kan gurbi-gurbi ake yin ta daga sama, ba a kan jerin ba.

Abin da ya rage shi ne yadda za a ajiye lambobin don tambayar ta yi sauri, kuma nan ya ambaci bishiyar da ake kira tirai, wadda René de la Briandais ya bayyana a 1959, Edward Fredkin ya raɗa mata suna a 1960. Asali don ajiye kalmomi harafi-harafi aka yi ta. Tawa haruffa biyu gare ta, 0 da 1. Daga saiwa, kowace mahaɗa tana da reshe biyu, hagu 0, dama 1. Sa lamba a ciki shi ne ka bi bit ɗinta daga na sama zuwa na ƙasa, inda babu reshe ka tsiro da shi. Lambobin da suka fara iri ɗaya hanya ɗaya suke bi har inda suka rabu, kamar 'yan unguwa ɗaya da suka fito daga Harami tare, kowa ya karkata a bakin lungunsa.

Na zana ta a bayan kwalin dabino da bit huɗu. Na sa 0000, 0011, 1001, 1101, 0100, wato 0, 3, 9, 13, 4. Sai na zo da 2, wadda take 0010, ina neman kishiyarta. Bit ɗinta na farko 0 ne, ina son 1: akwai reshe, na bi, 0 da 3 da 4 duk sun fita daga lissafi a taki ɗaya. Na biyu 0 ne, ina son 1: akwai, 9 ta fita, saura 13. Na uku 1 ne, ina son 0, na samu. Na huɗu 0 ne, ina son 1, na samu. 1111, wato 15, cikin taki huɗu. In da reshen da nake so babu shi, sai in bi wanda ke akwai in haƙura da 0 a wannan gurbin.

Da bit 30, kowace lamba taki 30 na tambaya, 30 na shigarwa. Duka kusan miliyan shida, a maimakon biliyan biyar. Na daɗe ina kallon kwalin nan. Ɗaya daga cikin yaran ya zo zai ɗauke shi ya zuba kaya, na ce ya nemi wani.

Talata, 8 ga Yuli

Zane daban, kod daban. Kurakurai uku cikin kwana huɗu.

Na farko na wauta ne, na shigar da bit daga ƙasa zuwa sama, bishiya ta tsaya da kai, tana fifita gurbin 1 a kan na rabin biliyan. Alƙali ya kama shi a gwajin farko.

Na biyu ya fi wayo. Gwaji ɗari na jerin da kwamfuta ta zaɓo da ka, mafi yawa suna wucewa, kaɗan suna faɗuwa. Na rage tsawon jerin har na sami ƙarami da ke faɗuwa: 12, 3, 5. Amsa 15 ce, 12 da 3, kod ɗina yana cewa 6. Na manta sa 0 na farko a bishiya. Ba tare da shi ba, duk yankin da ya fara daga lambar farko ba a ganinsa, tunda ba shi da tarin da ya gabace shi. Layi ɗaya ne gyaran, yini guda ne neman.

Na uku wuri ne. Kowace mahaɗa na yi mata ƙamus nata, kuma mahaɗun za su iya kai wajen miliyan ɗaya da rabi in lambobin sun watsu. Laftof ya fara huci kamar motar da ke hawan dutse. Na zubar da ƙamusoshin, na yi dogayen jeri biyu, ɗaya na 'ya'yan hagu ɗaya na 'ya'yan dama, kowace mahaɗa lambar gurbinta ce sunanta. Ya sauko zuwa daƙiƙa huɗu da wani abu a kan lambobi 100,000. Gwaji dubu, shi da alƙali bakinsu ɗaya.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yaya ya ce daƙiƙa huɗu ba laifi, amma in mayar da shi yaren C++ in ga bambanci. Na kwafe shi layi-layi, ya tashi ba tare da ƙorafi ba, ya ba da amsar banza.

Laifin yana cikin wannan: x >> b & 1 == 0. A Python ana fara yin & kafin a kwatanta, don haka yana nufin abin da ido ya gani, wato ko bit na gurbin b a cikin x sifili ne. A C da C++ kuwa ==, alamar kwatantawar, ita ce ke riga, sai ya zama an tambaya ko 1 daidai take da 0, aka sami a'a, wato sifili, aka haɗa da bit ɗina, sharaɗin bai taɓa cika ba. Haka ^ ma take a can, ƙasa da ==. Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙiro C a farkon shekarun 1970, da kansa ya amsa daga baya cewa da an gyara wannan jerin fifikon tun da wuri da ya fi. Shekara hamsin ke nan mutane suna faɗawa ramin, ni ma na ba da nawa kason. Yanzu duk inda & ko ^ suka haɗu da ==, baka nake zagaye su da ita ko da ba a buƙata.

Bayan gyara, kafin in ɗaga yatsa daga maɓalli amsa ta fito. Na sake gudanar da shi sau uku don ban yarda ya yi aikin ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na tura masa duka biyun jiya da dare. Da safe ya ce sun wuce gwajinsa, har da jerin da duk lambobinsa sifili ne da mai lamba guda tak, waɗanda ni ban ma yi tunaninsu ba, sa'a ce ta fitar da ni. Ya ce in ƙara abu ɗaya, kod ɗin ya faɗi inda yankin ya fara da inda ya ƙare, ba girman amsar kaɗai ba. Wannan na san yadda zan yi, a ƙarshen kowace hanya ta bishiya zan ajiye gurbin tarin da ya kai ni can.

Ya kuma turo ta gaba: jeri iri ɗaya, amma yanzu an yarda ka tsallake, ka tsinci lambobin da ka ga dama daga ko'ina. Tarin baya ba zai yi aiki ba tunda babu yanki. Abin da ya ce kawai shi ne in tuna yadda ake warware lissafin da ke da abubuwan da ba a sani ba da yawa, ana kashe su ɗaya bayan ɗaya, kuma wai a ƙarshe lambobi 30 kacal zan riƙe komai tsawon jerin. Ban gane ba tukuna.

Mustauda ya kusa zama fanko, sawu biyu suka rage zuwa Jidda. Yau da rana ƙamus ɗin ya nuna lamba ɗaya da ta fito sau biyu a fayil ɗin shiga, babu ita a na fita. Wani buhun barguna ne, yana ƙarƙashin matakala. Kawu ya sa aka jefa shi a motar la'asar, sannan ya tambaye ni ko kwalin dabinon nan mai zane har yanzu ina da buƙatarsa, don akwai wata Hajiya da take neman abin da za ta zuba butoci.